Kwana Biyu da Inna a Bakin Ruwan Wikki

Ta bakin Auta na aika wa Inna saƙon cewa ina so in kai ta hutu gandun dajin Yankari, don na san in da ni na tare ta da maganar, kawar da kai za ta yi ta ce a bar zancen. Ni ce 'yar farinta. Shekarata arba'in da ɗaya a duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ta matsu ta ce "waccan", in ranta fari ne ta ce "yayarku". Haka aka rene ta a ƙauyensu, kuma ban taɓa jin haushin hakan ba, na san kunya ce, ba ƙi ba.

Amsar da Auta ya kawo mini a waya gajeriya ce. Wai ta ce, "Yankari? Can inda Turawa ke zuwa kallon birai? In kuɗi ne suka yi mata yawa ta sayo mana buhun shinkafa."

A lokacin wata goma ke nan da rasuwar Baba. Ta fita takaba tuntuni, amma kamar ba ta fita ba. Daga ɗaki sai tsakar gida, daga tsakar gida sai ɗaki, ga ciwon gwiwa da ya sa ko sallah a kan kujera take yi. Ni kuma aikin jinya nake a Abuja, kwana nake ina duba iyayen wasu, tawa tana Bauchi tana ramewa. Abin ya tsaya mini a rai. Na yi ta tara kuɗi kaɗan-kaɗan har suka isa in kama mana masauki mai kyau na kwana biyu. Wadda ta karya mata lago kuwa 'yata ce mai shekara tara, takwararta, da ta karɓi wayar ta ce in ba a je da ita ba, ita ma ba za ta je ba, kuma alhakin rashin ganin giwa yana wuyan Inna. Wa ya isa ya ja da jika? Ta ce to, Allah ya kai mu.

Ranar wata Juma'a cikin watan Janairu, ana saukowa daga masallaci muka ɗau hanya, Auta ne a gaban sitiyari. Na sa an cika mana kula da masa da miyar taushe, don ɗan Bauchi ba ya tafiya ya bar masa a baya. Muka bi titin Gombe zuwa Dindima, inda gada ta haye kogin Gongola, daga nan aka karya kwana aka nufi kudu cikin ƙasar Alkaleri har ƙauyen Mainamaji. A nan ƙofar shiga gandun take. Aka rubuta mu, muka biya, aka ɗaga mana ƙarfe. Mai gadi ya leƙo ya gaishe da Inna, ya ja wa Auta kunne cewa ya tafi a hankali, daga nan zuwa sansanin Wikki akwai sauran kilomita arba'in da ɗoriya kuma dabbobi na tsallaka titi.

Tun daga gida Inna ba ta ce uffan ba, carbinta kawai take ja. Muna shiga dajin da kamar minti goma sai na ji ta ce wa Auta ya rage gudu. Ta sauke gilashi. "Wancan marke ne. Ga kawo can. Kai, dubi ƙirya!" Ta ce rabonta da ganin ƙirya mai wannan kauri tun tana budurwa, lokacin da ake sassaƙa turmi da ita, kafin masu gawayi su cinye dajinsu. Haka ta yi ta kiran sunayen itatuwa ɗaya bayan ɗaya, taura, kanya, tsamiya, kuka, tana gaya wa takwararta wanda ake ci, wanda ake jiƙa sassaƙensa, wanda aljanu suka fi so in ji mutanen da. Maganar da ta yi a wannan hanya ta fi duk wadda na ji daga gare ta cikin wata goma. Ni da na zo da niyyar nuna mata gado mai laushi da na'urar sanyaya ɗaki, sai ga shi itatuwan da ba a sare ba ne suka fara buɗe mata baki. Kuma dalilin da ya sa ba a sare su ba shi ne tun 1956 aka killace wannan daji, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. An buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Duk wannan yana faruwa a bayan gidanmu, Inna ta fi shekara arba'in a garin Bauchi, ba ta taɓa taka wurin ba.

Rana ta yi sanyi muka isa sansanin. Ɗakuna ne birjik a ƙarƙashin inuwar itatuwa, sun haura ɗari, wasu zagayayyu kamar bukkokin ƙauye, daga masaukin ɗalibai mai araha har zuwa manyan gidajen alfarma. Masu tarbarmu na farko ba mutane ba ne. Gwaggon birai ne zaune a kan motoci da bakin baranda, wata da ɗanta maƙale a ciki, ga mugun dawa biyu sun durƙusa a kan gwiwoyin gaba suna kiwo kamar awakin gida. Inna ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, "Allah sarki, shi ma gwiwar ce?" Ma'aikacin da ya raka mu ɗaki ya ce abu biyu za mu riƙe: ƙofa a kulle ko da muna ciki, kuma kada wanda ya yi yawo da leda a hannu, don birin nan ya san leda ya san abin da ke cikinta.

Na kama mana mai falo da ɗakin kwana, Auta kuma nasa daban. Gado ne babba da fararen zannuwa, ga firji, ga kujeru, ga banɗaki fes. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa ɗakin kallo, ta shafa zanen gadon da bayan hannu, sannan ta shimfiɗa daddumarta a ƙasa ta zauna a kai. Sai da takwararta ta hau gadon ta yi ta tsalle tana ja mata hannu kafin ta yarda ta ɗosana a gefe.

Abin da ya fi taɓa ni a daren nan ƙaramin abu ne. An kawo mana abinci daga ɗakin cin abinci, shinkafa da miya da farfesun kaza, muka haɗa da sauran masarmu. Muna gamawa Inna ta tattara farantan, ta jera su, ta yunƙura da ƙyar tana neman inda za ta wanke. Daidai lokacin yaron da ya kawo abincin ya dawo. Ya rusuna ya karɓe tiren ya ce, "Haba Hajiya, ki huta, ai aikinmu ne." Ta koma ta zauna, ta ɗora hannayenta a cinya tana kallonsu, kamar an ba ta ajiyar wani abu da ba ta san inda za ta sa ba. Na kalli hannayen nan. Duk tabon mai ne. Shekara kusan talatin tana tuyar ƙosai a ƙofar gida tun asuba, da kuɗin ne aka saya mini fom ɗin makarantar koyon jinya. Ban tuna ranar da na ga Inna ta ci abinci ta tashi ba ta wanke kwano ba. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji ni.

Mun yi shawara da Auta cewa da sassafe za mu sauka ruwan, kafin jama'a su taru, don na san Inna ba za ta kusanci inda maza ke wanka ba. Duk matar da ke son shiga Wikki a natse, shawarar da zan ba ta ke nan. Muna idar da sallar asuba, gari ya fara haske, muka fita cikin sanyin hunturu da rigunan sanyi. Ruwan yana can ƙasa a cikin kwari, matakala ce mai tsawo ake bi. Auta ya riƙe ta a dama, ni a hagu amma ban taɓa ta ba, ina dai kusa. Mataki ɗaya, a tsaya. Mataki ɗaya, a tsaya. Sau uku tana zama tana mayar da numfashi. A zama na biyu ta ce a mayar da ita, wannan wahala ce. 'Yata da ta riga mu sauka ta ƙwalo kira daga ƙasa, "Inna, ruwan yana hayaƙi!" Sai ta miƙe.

Da gaske yana hayaƙi. Tururi ne siriri yake tashi daga kan ruwan saboda sanyin safiya. Daga ƙarƙashin wani jan dutse mai tsayi yake ɓuɓɓugowa, ya miƙe kamar doguwar kwata mai faɗi, tsawon wajen mita 200, itatuwa sun yi masa rumfa ta kowane gefe. Ban taɓa ganin ruwa mai tsabta irinsa ba. Kana tsaye a baki kana ƙirga yatsun wanda ke ciki, farin yashi shimfiɗe a ƙasa, kusa da dutsen kuma inda ya fi zurfi launinsa ya koma shuɗi-shuɗi. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Kuma ba tsayayyen ruwa ba ne, kullum lita miliyan 21 ke fita daga cikinsa ta gangara kogin Gaji, shi ya sa duk yawan masu wanka ba ya dagulewa.

Inna ta zauna a dakalin bakin ruwa, ta cire silifas, ta zura ƙafa ɗaya. Ta yi shiru. Ta zura ta biyu. Can ta tambayi Auta yadda aka ce sunan wurin. Ya ce Wikki. Ta ce, "Wikki ta ƙwallo?" Baba, Allah ya jiƙansa, ɗan ga-ni-kashe-nin Wikki Tourists ne. Ranar da suke wasa rediyo ba ta barin kunnensa, in an ci su ko tuwon dare ba ya ci da daɗi. Auta ya ce ai daga wannan ruwan ƙungiyar ta samo suna. Inna ta jinjina kai ta ce, "Shekara da shekaru ina jin Wikki, Wikki a bakin Malam. Ashe ruwa ne." Ta ɗebo da tafin hannu ta shafe fuskarta, ta yi masa addu'a, muka shafa.

Auta ya koma sama ya zauna a kan matakala yana mana gadi. Ni na shiga da doguwar riga da ɗankwali, ruwan ya kawo mini ƙugu, nan da nan sanyin da ke jikina ya gudu. 'Yata tana ta facal-facal a wurin da ba zurfi. Ban ce wa Inna ta shigo ba. Ina dai tsaye a gabanta ina wasa da ruwa, sai na ga ta gyara ɗaurin zane, ta miƙo hannu. Na ɗauka takwararta take miƙa wa. Sai ta dube ni, ido cikin ido, ta ce, "Riƙe ni da kyau."

Na riƙe ta. Ta sulalo a hankali har ruwan ya kai mata ƙirji, yatsunta sun nutse a damtsena. Muka fara takawa a kan yashin nan mai laushi, taku ɗaya, biyu, goma. Matar da ke dafa bango kafin ta kai bakin rijiyar gidanmu, ga ta tana tafiya, tana lanƙwasa gwiwa tana miƙewa, tana mamaki. A wurin aikina na san dalili. Ruwa yana ɗauke mafi yawan nauyin jiki daga kan gaɓoɓi, ɗumi kuma yana sassauta tsoka, shi ya sa ake sa masu ciwon sanyin ƙashi motsa jiki a ruwa mai ɗumi. Ba warkewa ba ce, kuma na gaya mata haka daga baya, kada ta bar shan maganinta. Amma sanin dalili daban, jin nauyin mahaifiyarka a hannunka daban. Mun fi minti arba'in a ciki, ba ta sake ni ba. Da muka ji muryoyin mutane suna saukowa, muka fito, na lulluɓe ta da babban tawul da mayafi.

Hawan matakalar ya fi saukar sauƙi, ko don jikin ya saki ne. Ta sha shayi da ƙwai, ta hau gadon nan da ta ƙi jiya, ta yi barci har azahar. Na zauna a falo ban kunna komai ba, na kashe wayata, ina jin numfashinta daga ɗaki da kukan kurciya a waje. Ni ma rabona da zama haka ba tare da jiran ƙararrawar majiyyaci ba, na manta.

Auta da 'yata su suka yi yawon tsakar rana. Sun shiga ɗan gidan tarihin da ke sansanin, inda aka ajiye fatu da ƙasusuwa da hauren giwa, da bindigogi da tarkunan da aka ƙwace daga hannun maharba. Sun kuma je kogunan Marshall, ramuka 59 da mutanen da suka fafe a jikin dutse, ƙofar kowanne sai an rarrafa, ana kyautata zaton mafaka ce a zamanin farautar bayi. Yarinyar ta dawo da tambayoyin da sai dare na gama amsawa.

Da la'asar muka hau motar zaga daji, buɗaɗɗiya mai kujeru a jere, da ɗan jagora a gaba. Dalilin da ya sa na zaɓi rani ke nan: ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dole dabbobi su gangaro kogin Gaji shan ruwa, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu an fi ganinsu. Mun ga gwambaza tsaye cikin fadama suna kallonmu ba ko gezau. Mun ga mazo ya gifta kamar walƙiya, zabin daji garke guda suna tsere a gaban mota, burtu biyu suna takama a cikin ƙona. Daga nesa jagoran ya nuna mana wani baƙin abu a ƙarƙashin itatuwa ya ce ɓauna ne, sai da suka motsa na yarda. Kada kuwa yana kwance a kan yashi baki buɗe. Zaki ba a maganarsa, kaɗan suka rage kuma ba sa son mutane.

Giwa ba mu gan ta ba. Mun dai ga inda ta bi: rassa a karye, wata bishiya an tuɓe mata ɓawo, kashi tuli-tuli, da sawu a cikin taɓo. Jagoran ya tsayar da mota ya bar 'yata ta sauka, ta sa ƙafafunta biyu a cikin sawu ɗaya, da sauran wuri. Idonta ya ciko da ƙwalla don giwar ta zo gani. Inna ta ce, "Ke takwara, ba ki ji an ce sawun giwa ya take na raƙumi ba? To yau kin taka na giwa, wa ya fi ki?" Jagoran ya yi mana bayani cewa garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, an ɗaura wa wasu daga cikinsu wata na'ura a wuya da ke nuna inda suke, don a kare su daga masu neman haure, a kuma sanar da manoman ƙauyukan gefe in sun nufi gonaki. Masu gadin dajin kwanaki suke yi a ƙafa suna sintiri, wasu sun rasa rayukansu a wannan aiki. Na ji nauyin hakan. Mu da ke zuwa mu yi wanka mu ɗau hoto, ba kasafai muke tuna da su ba.

Da dare an kunna fitilu a bakin ruwan, ɗalibai da iyalai sun cika shi, ihu da dariya har sama. Mu a baranda muka zauna, Inna da bargo a kafaɗa, taurari kamar a miƙa hannu a ɗebo. Ina da abokan aiki da ke tara kuɗin shekara su tafi Dubai ko Masar hutu, ban ga laifinsu ba, kowa da abin da ransa ke so. Amma Inna ba ta da fasfo in ban da na aikin Hajji da ya daɗe da mutuwa, ba za ta iya zaman jirgi da layin filin jirgi ba, kuma a can ba za ta ga ƙirya ba. Nan tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna daga ƙofar gidanta, da harshenta ake gaishe ta, mai kawo abinci ya san ya rusuna.

Ranar Lahadi ita ta tashe ni. Ko haske bai fito ba ta riga ta ɗaure zanen wanka a cikin jaka. Muka sake sauka, wannan karon sau ɗaya ta zauna a hanya, kuma tun daga matakin farko hannuna ta kama.

Da muka dawo muna karyawa a baranda, mun shagala da hira, an bar ledar burodi a kan kujera kusa da ita. Ban ga ta inda ya fito ba. Wani ƙaton gwaggon biri ya diro, ya sure ledar, ya koma can gefe ya zauna ya ɓare ta da yatsu kamar mutum, yana ci yana kallonmu. 'Yata ta ƙwalla ƙara ta ɓuya a bayana. Inna kuwa me za ta yi in ba dariya ba. Ta yi ta yi har da riƙe ciki, hawaye na zuba, tana cewa, "Ku bar shi, rabonsa ne, baƙi muke a gidansa." Auta ya tsaya da kofin shayi a hannu yana kallonta, ya kalle ni, ba wanda ya ce komai.

Bayan azahar muka kama hanya don mu isa gida da rana. Inna ta ce ita baya za ta zauna, takwara ta koma gaba. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, tana ta sallama da itatuwanta har muka fita ƙofar Mainamaji. Wajen Dindima, ina tsammanin barci take, sai ta gyara murya ta ce, "Auta."

Ya ce, "Na'am, Inna."

"Ka tambayi yayarka, in da hali, bayan ƙaramar sallah a zo da Goggonku. Ita ma ƙafar nan na damunta."

Tana faɗa tana kallon taga, hannunta mai tabon mai yana kan gwiwata. Na ce wa Auta ya gaya mata in sha Allahu za a zo.